Ƙofar da Na Ɓalle a Sanyuanli

Kun taso kuna jin magana iri biyu a kan dawowata daga Sin. A Kwari an yi ta raɗe-raɗin cewa an kama ni ne da kayan da bai kamata ba, shi ya sa aka koro ni. A cikin dangi kuma, ko ba a faɗa a gabanku ba, kun san ana cewa gaggawata ce ta yi sanadin rasuwar Baffanku Lawan. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin lokacin kuna can makaranta. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gida, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance. Ummanku tana nan da ranta, idan na yi kuskure sai ta gyara.

Na yi kusan shekara ashirin ina zaune a unguwar Sanyuanli da ke Guangzhou, ina sayen kaya a kasuwannin Canaan da Baima ina turo wa abokan hulɗa a gida. Ku sani cewa a duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya kai ni yabon gwamnatin garin. Da idona na ga lokacin da ɓarayin babur suke fizge wa mata jaka a bakin tashar jirgin ƙasa, aka wayi gari hukuma ta hana babur shiga gari gaba ɗaya, kuma haka aka yi, babu wanda ya ce uffan. Na ga kwatar bayan gidanmu tana baƙa ƙirin da ruwan rini, wari kamar ya kashe mutum, aka tashi masu rinin aka mayar da su bayan gari, bayan wasu shekaru har tsofaffi suna jefa ƙugiya a wurin. An bi kowane lungu an kafa na'urar ɗaukar hoto, har ta kai Ummanku tana iya zuwa kasuwar Liuhua ita kaɗai da jakarta a buɗe. Duk sanda na zo gida hutu na zauna a majalisa, abin da nake ta faɗa ke nan: can idan hukuma ta ce a yi abu, gobe ka tashi ka ga an yi. Har wasu suka sa min suna Ɗan Sin.

Wannan yarda ce ta sa na ɗauko Yaya Lawan. Kun san shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara ɗora min dila a ka a Kwari, kuma shi ya yi min auren Ummanku. Da ƙodarsa ta lalace aka ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda, na zo gida na tarar da shi a kan benci a wani asibiti yana jiran layi tun asuba, aka ce inji ɗaya ne yake aiki, sauran ana jiran a kawo wani ƙarfe. Mako na gaba ma'aikata suka tafi yajin aiki. Ban yi shawara da kowa ba sai da Nura, babban ɗansa, na nemo masa bizar jinya da sunana a matsayin mai masauki, muka taho.

Watannin farko su ne mafi daɗin zaman da na yi a garin. Ana yi masa wankin a kan lokaci, kumburin ya saɓe, har ya fara zagaya unguwa da carbinsa yana gaisawa da tsofaffin da ke motsa jiki a ƙarƙashin bishiya, ba ya jin su ba sa jin sa. Gidan namu ɗan ƙarami ne, a can sama, babu lifta, amma ya cika da murya. Kullum sai sun yi da Ummanku a kan gishiri da ruwa, domin likita ya ƙayyade masa, ita kuma ta samo ɗan kofin shayin 'yan Sin, wanda bai fi kurɓi biyu ba, da shi take auna masa. Ya sa mata suna 'Yar Sanda. Idan ta shiga kicin sai ya sassauta murya ya ce in ɗan tsiyayo masa daga buta, ita kuma daga can ciki sai ta ce ta ji. Kalmar Sinanci ɗaya ya koya, shiye-shiye, wato na gode, ita yake ce wa ma'aikatan jinya, ita yake ce wa mai gadi, har ita yake ce wa Ummanku idan ta hana shi kilishi.

Sai annobar nan da ta game duniya ta zo. Aka rufe Canaan, aka rufe masallaci, jirage suka tsaya. Ko a lokacin ban tsorata ba, domin asibiti bai daina karɓarsa ba. A auna mana zafin jiki a ƙofa, mu nuna alamar da ke cikin waya mai nuna cewa muna da lafiya, mu wuce. Ina ta aika wa mutanen gida saƙo cewa su kwantar da hankalinsu, muna hannun waɗanda suka san abin da suke yi. Har gari ya fara buɗewa, 'yan kasuwa sun fara ɗaga ƙofofi, sai aka ce an samu cutar a jikin wasu baƙaƙen fata a wata unguwa kusa da mu. Cikin kwana kaɗan umarni ya sauko cewa duk ɗan Afirka a gwada shi a killace shi, ko ya yi tafiya ko bai yi ba. Muka fara ganin hotuna a waya: mutanen da na sani, masu shago da iyali, masu gidan haya sun fito musu da akwatuna, otal ya ƙi karɓarsu, suna zaune a ƙarƙashin gada. Wani ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a sahu ɗaya ya kira ni yana tambaya ko ina da tabarmar da ba na amfani da ita. Na riƙe wayar, ban yarda da abin da kunnena yake ji ba.

Mu ba a fitar da mu ba. Mutane uku suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka zura mana tsinke a hanci da maƙogwaro. A cikinsu na gane muryar matar da ke kula da layinmu a kwamitin unguwa, wadda muke kira Ayi, kamar a ce inna. Shekara da shekaru mun san juna, ta sha cin dambun Ummanku da Sallah. Ita ce ta ce za mu zauna a ciki mako biyu, ta manna doguwar takarda mai jan hatimi daga ƙofa zuwa bango, ta kafa wata 'yar na'ura da za ta yi ƙara idan aka buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa ina ƙoƙarin yi mata bayanin Yaya. A nan na gane cewa Sinancin da nake taƙama da shi na kasuwa ne. Na san yadda ake cewa ya yi tsada, na san launi da yadi da kwantena, amma ban san yadda ake cewa ƙoda ba. Na janyo hannun Yaya na nuna mata jijiyar da ake sa masa allura, na nuna mata katin asibiti. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki hoton katin, ta ce mu ɗan jira, za a shirya.

Washegari sakamako ya fito, babu wanda yake da cutar a cikinmu. Na ɗauka shi ke nan, amma alamar da ke wayoyinmu ta riga ta koma ja, kuma takarda tana nan a ƙofa. Ranar wankinsa ta zo ta wuce. Na kira asibitinsa, suka ce ba sa karɓar mai jar alama, sai dai asibitin da aka ware wa masu zazzaɓi. Na kira can, suka ce tunda ba shi da zazzaɓi ba nasu ba ne, kuma injin wankin da suke da shi na masu cutar ne. Na kira motar asibiti, aka ce ba za ta ɗauki wanda aka killace ba sai da izinin kwamiti. Kwamiti ya ce ya tura sama yana jiran amsa. Kowa yana magana da ladabi, babu wanda ya ɗaga min murya, kuma duk inda na bi sai in ƙare a kan kalmar da na fi sani a bakin masu shago idan ka nemi abin da ba su da shi: meyo, babu.

Abin da har yau yake ɗaure min kai shi ne, ba wai sun manta da mu ba ne. Safe da yamma sai sun zo, su ɗaye takarda, su ajiye mana abinci, kuma na halal, domin sun tambaya sun rubuta. Su ɗora wa kowa na'urar auna zafi a goshi. Yaya yana zaune a kujera, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin wanka ba ya shiga, fuskarsa ta cika ta yi sheƙi, za su auna shi su ga babu zazzaɓi, su rubuta cewa lafiya lau, su mayar da takarda. Na nuna musu ƙafar, na danna da yatsa suka ga ramin ya ƙi tasowa. Ɗayansu ya ce aikinsu zafin jiki ne, wannan na wani sashe ne.

Wanki na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Yaya ya daina kwanciya, domin da ya miƙe sai numfashi ya tsaya masa, a zaune yake kwana ya jingina da bango. Ya daina tsokanar Ummanku. Ruwan ma da yake roƙo ya daina nema, sai ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Wata safiya bayan rana ta ɗaga, ina zaune kusa da shi ina sake bin lambobin nan, sai ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifinmu, ya tambaye ni ko an ɗaure jaki. Numfashinsa yana wani irin ƙara kamar ruwa yana tafasa a tukunya. Ummanku ta fito daga kicin ta tsaya a kansa, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Alhaji, buɗe ƙofar nan."

Na ce mata ta san abin da doka ta ce, an aiko mana a waya da Turanci, duk wanda ya karya killacewa laifi ne babba, kuma takardun zamanmu duka a hannunsu suke. Ta ce ta sani. Sai ga shi hankalin Yaya ya ɗan dawo, ashe yana jin mu. Ya kamo bakin rigata.

"Habu, kada ka zubar da abin da ka tara saboda ni. Ni na ci zamanina."

"Yaya, ka yi haƙuri, yau ba zan ji maganarka ba."

Ban taɓa gaya masa haka ba tun da na yi wayo. Na sa hannu na murɗa ƙofar na ja. Takardar ta yage, na'urar ta fara ƙara mai shiga kunne. Ummanku ta taimaka ta ɗora min shi a baya, ta ɗaure mu da mayafinta, na ce ita ta zauna kada laifin ya zama na mutum biyu. Na fara sauka, hannu ɗaya a ƙarfen bene. Maƙwabta suna buɗe ƙofa su leƙo su rufe da sauri. A ƙasa akwai kurar da masu dako suke tura dila da ita, na shimfiɗa kwali na zaunar da shi, na tura muka fita titi.

Rana tsaka ce, titi cike da mutane. Na ɗaga wa tasi hannu, duk wadda ta rage gudu ta ga ko su wane ne sai ta ƙara wuta. Mutane suna darewa gefe, suna gyara takunkumi, da yawa sun ɗaga waya suna ɗaukar mu. A titin nan akwai mai shayin da nake zama wurinsa, akwai mai ɗinkin buhu da ya san ni da suna, yana ce min laoban, maigida. Na gan shi tsaye a ƙofar shagonsa, muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai. Ban tsaya ba. Ban ma san takamaimai inda zan kai shi ba, na dai nufi asibitinsa, na ce ko a bakin ƙofa ne su gan shi da idonsu.

Ban kai mahaɗar farko ba motar 'yan sanda ta sha gabana, wata ta tsaya a baya. Ba su taɓa ni ba, ba su zage ni ba. Babbansu ya sa aka ja igiya aka kewaye mu, ya matso ya duba Yaya, ya ɗaga gefen wandonsa ya ga ƙafar, ya saurari numfashin. Sai ya koma gefe ya yi magana a wayarsa, magana gajeriya. Wallahi, ƙafata ba ta gama hutawa daga turin kura ba sai ga motar asibiti da jiniya, da ma'aikata, da tulun iska, da komai. Motar nan da na yi kwanaki ina roƙo ana ce min babu, ashe tana nan bayan layi. Na tsaya ina kallon su suna sa shi a ciki cikin gwaninta, na rasa ko godiya zan yi ko kuka. A ranar aka yi masa wanki a wani ɗaki da aka keɓe. Likitan ya gaya wa Ummanku daga baya cewa ruwa ya riga ya hau masa huhu.

Ni kuma aka wuce da ni. An tsare ni kwanaki a wani wuri mai tsabta, fitila ba ta mutuwa, ana auna min zafi safe da yamma. Wani jami'i ya zaunar da ni, yana magana a waya tana juya min da Turanci. Ya ce ya ga hoton ɗan'uwana, kuma shi ma yana da wa. Ya ce amma doka ba ta da gurbin da aka rubuta cewa idan mutum yana da dalili zai iya buɗewa, domin da akwai, kowa zai kawo nasa dalilin. Na tambaye shi to a wane gurbi aka rubuta abin da mai ciwon ƙoda zai yi. Ya ce an lura da wannan, ana gyarawa. Aka soke min izinin zama, aka ce da zarar an samu jirgi in fita, kuma ba zan sake shigowa ba sai bayan shekaru. Tunda bizar Yaya a kan sunana take, ita ma ta faɗi. Wannan shi ne kamun da aka yi min. Babu wani kaya, babu wata ƙwaya.

Akwai abin da ba zan ɓoye muku ba, domin shi ne tushen maganar da ake yi a dangi. Da na fito, Ummanku ta gaya min cewa a yammacin ranar da na ɓalle ƙofar, Ayi ta hawo da gudu tana haki, riƙe da izinin da muke jira. An amince mota ta zo ta ɗauke shi washegari da safe. Ta tarar da takarda a yage, ta zauna a kan matakala cikin fararen kayan nan ta rufe fuska da hannu. Ashe ita ma kwanakin nan tana bin ofis-ofis a kanmu. Ko Yaya zai kai washegarin, ban sani ba. Likita bai ce zai kai ba, bai ce ba zai kai ba. Na sha juya wannan a raina, kuma duk sanda na tuno ƙarar numfashin nan nakan ga cewa ko yau aka mayar da ni ɗakin, ƙofar zan nufa.

Mun dawo a jirgin da aka kwaso mutanenmu. Shago da kaya da abokan ciniki na shekara ashirin na bar wa wani ya sayar yadda ta samu. A gida kuwa muka tarar da abin da muka bari, har ya fi. Asibitoci suna tsoron duk wanda aka ce daga Sin yake, wani ma a bakin ƙofa aka mayar da mu. Inda aka karɓe shi, wanki sau ɗaya a mako idan an yi sa'a, wani lokaci a ɗora shi wuta ta ɗauke, a ce babu man janareta. Ina ganinsa yana komawa yadda na same shi da farko. A lokacin ne Nura ya tare ni a harabar asibiti, bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi idona ba.

"Baffa, da ka yi haƙurin kwana ɗaya, da yanzu yana can ana duba shi."

Mahaifinsa ne, kuma maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Amma tun daga ranar gaisuwarmu ta zama ta baki kawai, ƙannensa ma suka bi shi.

Ana saura 'yan kwanaki Yaya ya rasu, muna zaune a barandar asibiti da hantsi muna jiran a ce inji ya samu. An rubuta magani, Nura ya fita nemowa. Yaya yana cikin keken marasa lafiya, ya rame sai ciki da ƙafa. Ya daɗe yana kallon masu wucewa, mata da kwanukan abinci, wani tsoho yana alwala a gindin darbejiya. Sai ya ce min tun da annobar ta fara a can, abin da yake hana shi barci ba ciwon ba ne. Ya ji ma'aikata suna cewa duk wanda ya mutu a killace ba a ba da gawarsa, kuma bai san abin da za a yi da shi ba, bai kuma so ya tambaye ni kada ya ɗaga min hankali.

"Habu, ka san abin da ka yi min? Ka dawo da ni inda ko yanzu na cika, kafin la'asar an yi min wanka an sallace ni. Kada ka bari kowa ya sa ka nadama."

Na ce ya faɗi wannan a gaban yaransa. Ya ce zai faɗa idan Nura ya dawo. Nura ya dawo da maganin daidai lokacin da aka kira sunansa, aka tura shi ciki, ya fito a gajiye, daga nan kuma maganarsa ba ta sake zama daidai ba har Allah ya karɓi abinsa. An yi masa sutura a gidanmu na gado, mutanen Kwari suka cika layi.

Don haka ba ni da shaida a kan wannan magana sai Allah, kuma ban rubuta ta don ku je ku karanta wa 'ya'yan Baffanku ba. Idan suka faɗi abin da suke faɗa, kada ku yi musu da su. Ku ci gaba da zuwa gidansu da Sallah, ku fara gaida Nura, shi ne babba.